Tambaya da Amsa: Wane Janareta Ya Dace da Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, ina da mata da yara biyar. Tun da bazara ta kama da wuya mu kwana da wuta har asuba, yara ba sa samun barci saboda zafi, abin da ke cikin firigo kuma yana lalacewa. Na ɗan tara kuɗi ina son sayen janareta. A gidan akwai fanka 3 na sama, ƙwan fitila 8, talabijin da dikoda, firigo ɗaya, sai cajin wayoyi. Na shiga kasuwa, wani mai shago ya ce ƙaramin nan mai lamba 950 ya ishe ni, wani kuma ya rantse cewa in ba mai 6.5 kVA na ɗauka ba, asarar kuɗi zan yi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu, domin kowannensu abin da ke cikin shagonsa ya auna, ba abin da ke cikin gidanka ba. Wannan tambaya ta yawaita a wannan fili tun daga shekarar 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar a watan Agusta, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Maraɗi na cikin garuruwan da suka daɗe suna shan wuta daga layin da ke shigowa ta Katsina, saboda haka mutane da yawa suka ruga kasuwa a gaggauce, wasu suka sayi abin da ya yi musu kaɗan, wasu suka sayi abin da ba za su iya ciyarwa da mai ba.

Aikin farko da alƙalami da takarda ake yin sa, kuma kai malami ne, ba zai ba ka wuya ba. Kowane kayan wuta yana da ɗan rubutu a bayansa ko a ƙarƙashinsa da ke nuna wat nawa yake ci. In muka bi abin da aka saba gani, fankar sama tana cin kusan wat 75, uku sun zama 225. Ƙwan fitila na zamani marar zafi yana cin kusan wat 10, takwas sun zama 80. Talabijin da dikoda mu ba su 120, firigo 150, cajin wayoyi 25. Jimla wat 600 ke nan. Wanda ya tsaya a nan zai ce mai shagon farko ya yi gaskiya, tunda 950 ta fi 600, amma akwai abu biyu da wannan lissafi ya ɓoye.

Firigo ba ya cin wuta daidai wa daida. Duk lokacin da injinsa zai tashi, yana fizgar ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci yana tafiya, na tsawon daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma yana yin haka sau da yawa a dare guda. A wannan ɗan lokaci nauyin gidanka yana iya kaiwa wat 1,200. Idan janareta bai da ƙarfin ɗaukar wannan fizga, za ka ji ya yi gurnani, fitilu su dushe, injin firigo ya yi ta ƙoƙarin tashi yana kasawa har ya yi zafi, kuma da haka ne firigo da yawa suke ƙonewa a garin nan ana ɗora laifin a kan tsufa. Sannan lambar da aka zana da manyan haruffa a jikin tanki sau da yawa sunan samfurin ce kawai, ko kuma iyakar ƙarfin da injin ke iya bayarwa na ɗan lokaci. Ƙananan nan masu lamba 950 galibi wat 650 zuwa 700 suke iya riƙewa suna aiki. Ka nemi ɗan allon da ke gefen injin, wanda aka rubuta ƙarfi iri biyu a kansa, ka yi aiki da ƙaramar lambar. In da kVA aka rubuta, wato wani ma'aunin ƙarfin janareta, ka ninka lambar da 800 don ka mayar da ita wat, ka tsaya a kan tabbas: 2.5 kVA wat 2,000 ke nan.

A ganina wannan shi ne naka, wato mai 2.5 kVA, ko mai 3 kVA idan kuɗin ya kai. Zai ɗauki gidanka ba tare da wahala ba, ya bar maka sarari. Sararin yana da muhimmanci a ƙasarmu, domin inji yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi, a watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Maraɗi yana wuce maki 40. Injin da ake ɗora wa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa kowane dare ba ya daɗewa.

Mai 6.5 kVA kuwa na gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki ne ko famfon tura ruwa sama. Kai za ka biya tsadarsa, ka biya ƙarar da zai cika unguwa da ita, sannan ka riƙa zuba masa mai don ya juya babban inji a kan nauyin wat 600. A nan ne ya kamata ka sake ɗaukar alƙalami. Mai 2.5 kVA yana shan kusan lita ɗaya a awa, ko ƙasa da haka kaɗan in nauyin bai da yawa. Mu ɗauki lita a kan dala ɗari, wato sefa 500, don sauƙin lissafi: awa 5 a kowane dare, lita 150 ke nan a wata, kuɗinta jaka 75, wato sefa 75,000. Ka ajiye wannan lamba kusa da albashinka kafin ka yanke shawara, domin janareta kamar doki yake, sayensa bai kai ciyar da shi wuya ba. Magidanta da yawa da suka yi wannan lissafi sun koma ga kunna shi awa biyu ko uku bayan isha'i, su sanyaya firigo, su caja fanka mai batir, sannan su kashe.

Abu ɗaya nake roƙon uwargida ta haƙura da shi, shi ne dutsen guga. Shi kaɗai yana cin wat 1,000 zuwa 1,200, idan kuma firigo ya tashi ana cikin guga, injin zai durƙusa. A bar guga sai an kawo wuta, ko a koma ga na gawayi.

Game da zaɓi a cikin shago, ka nemi injin da ake zuba wa baƙin mai a wurinsa daban, ka bar wanda ake gauraya baƙin mai da fetur, domin wannan ya fi hayaƙi, ya fi saurin mutuwa, wutarsa kuma hawa da sauka take yi. Ka tabbatar akwai na'urar daidaita ƙarfin wuta da ake rubutawa AVR, saboda talabijin da cajojin waya. Ka duba an rubuta 220 ko 230 V da 50 Hz, musamman in na hannu ne, tunda waɗanda aka ƙera don Amurka a kan 60 Hz suke, ba su dace da kayanmu ba. Ka tambaya ko wayar naɗin cikinsa jan ƙarfe ce ko alminiyam. Ta jan ƙarfe ta fi jure zafi, ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma idan inji biyu masu ƙarfi ɗaya suna gabanka, ɗaga su kawai yakan nuna maka bambancin. Sunan Honda ko Yamaha a jikin tanki ba hujja ba ce, takardar mannawa kowa yana iya bugawa, idan farashin ya faɗi ƙasa da hankali to ka san araha ba ta ado. Ni dai na fi ganin girman injin Sin da bai ɓoye sunansa ba, wanda kayan gyaransa ke cike a kasuwa kuma kowane makaniki ya san cikinsa, a kan jabun da ya ari babban suna. Ka tafi da mai gyara wanda ka yarda da shi, a tayar da injin a gabanka, a jona masa dutsen guga na minti goma kana sauraren ko muryarsa za ta canza, sannan a rubuta maka rasit da wa'adin garanti.

Tambaya: Ni mace ce a unguwar Zariya, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya, musamman a watan azumi. Ina da firiza biyu. Maƙwabciyata ta ce in bar janareta in sa sola. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Hajiya, maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai maganar tana da tsawo. Rana ba ta yi mana rowa ba a ƙasar nan, kuma wanda ya kafa sola ya huta da sayen mai da ƙara da hayaƙi. Wuyar tana wurin kuɗin farko, domin firiza biyu masu aiki dare da rana suna bukatar faifai da yawa da batura manya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, mai iya ɗaukar fizgar tashin injinsu, batura kuma zafi yana rage musu kwana, dole a sake su bayan wasu shekaru. Idan jarinki bai kai nan ba tukuna, janareta mai 3 kVA zai riƙe firiza biyu da sharaɗi ɗaya: kada ki tayar da su lokaci guda. Ki kunna injin ya yi minti biyu ba nauyi, ki jona firiza ta farko, ki jira ta daidaita, sannan ki jona ta biyu. Idan wuta ta ɗauke kuma, ki ba firiza minti biyar kafin ki mayar da ita kan janareta, saboda matsin iskar da ke cikinta ya sauka. Ki kuma rubuta kuɗin man kowace rana kusa da cinikin ranar na tsawon mako biyu. In mai yana cinye fiye da abin da ƙanƙarar ke kawowa, littafin da kansa zai gaya miki lokacin fara adashen sola ya yi.

Tambaya: Na sayi janareta, amma ina tsoron ɓarayi. Ko zan iya ajiye shi a zaure in rufe ƙofa yana aiki? Kuma wani ya nuna mini yadda zan haɗa waya mai kai biyu in soka a soket ɗin ɗaki, wutar ta zagaye gida. Daga wani mai karatu a Tibiri.

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun kada ka yi, kuma da a ce fili ya ƙare, wannan amsar zan bari in cire sauran. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai, ba ya kuma farkawa. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya a ƙasashenmu. Zaure, da kicin, da baranda mai rufi, da lungun da ke tsakanin ɗakuna, duk ba wurinsa ba ne, ko da an bar ƙofa a buɗe. Shawarar masana ita ce a nisanta shi kamar mita 6 daga ƙofa da taga, a juya bakin salansa ya kalli waje. Ka kuma tuna cewa da bazara a tsakar gida ake shimfiɗa, saboda haka wurin da ya yi nisa da ɗaki yana iya zama kusa da kan yaro, ko ƙarƙashin tagar maƙwabci. Maganin ɓarawo wurin mai walda yake: ya yi maka keji na ƙarfe mai buɗaɗɗun gefe da rufin kwano, a kafa shi da siminti, a sa sarƙa da kwaɗo. Duk wanda ya tashi da ciwon kai ko amai inji yana aiki, a kashe injin, a fitar da kowa sarari, a kai shi asibiti.

Waya mai kai biyu kuwa, ƙarafunan kan da ke hannunka suna ɗauke da wuta tsirara. Idan ka manta ba ka raba gidanka da layin gari ba, wutar injinka za ta bi waya ta koma kan turke, inda ma'aikacin kamfanin wuta na Nigelec yake aiki da yaƙinin layin a kashe yake, sannan da zarar an kawo wuta, injin da kayan gidan suna iya ƙonewa tare. Ka kira mai aikin wuta ya sa maka makunnin sauya layi kusa da mita, mai hannu ɗaya da ba ya barin wutar gari da ta janareta su haɗu.

Tunda sabo ne, ka juye baƙin man farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk awa 50 zuwa 100, ka kusanci ƙaramar lambar a lokacin zafi da ƙura. Da hunturu ka riƙa wanke soson tace iska kowane mako. Kada ka ƙara fetur inji yana aiki ko yana da zafi, man kwalba na bakin hanya kuma ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. In zai yi wata guda a ajiye, ka rufe makunnin mai ka bar shi ya shanye abin da ke cikin kafireta har ya mutu da kansa.