Guntun gatari da tambayar jarrabawar Turanci

Wata ɗaliba daga Zariya mai shirin JAMB ta turo tambaya, ta ce: "Malam, na rubuta The population of Kano is larger than Katsina malaminmu ya soke da jan biro wai kwatancen ba hankali a ciki. To ai mu ma muna cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, an kwatanta gatari da magana, me ya sa wannan bai zama kuskure ba?"

To 'yata, malaminki ya yi daidai, kuma karin maganar ma daidai take, bari mu fara da ita tunda nan ne fagena. Sari ka ba ni ɗin nan ba zance ba ne kawai, suna ne Bahaushe ya ƙera wa gatarin aro, wanda kana cikin sara mai shi na tsaye a kanka yana jira ka gama ya karɓe abinsa. Irin wannan ƙirar suna muna da ita da yawa, ga faɗi-ka-mutu da ake ce wa kwanon tangaran, ga a-ci-bal-bal fitilar mai, ga dafa-duka. Kin ga ashe gatari aka gwada da gatari, naka guntu da na wani mai kaifi, ba inda aka kauce.

Jimlarki kuwa yawan mutane kika ɗora a sikeli gefe guda, ɗaya gefen kika ɗora jiha sukutum da ƙasarta da gonakinta. Ƙidayar 2006 ta ba Kano wajen miliyan 9.4, Katsina wajen miliyan 5.8, lamba da lamba kenan ake gwadawa. Abin da ke ban dariya shi ne da Hausa ba za ki taɓa yin wannan kuskuren ba, bakinki da kansa zai ce yawan mutanen Kano ya fi NA Katsina. Wannan 'yar kalmar na, ko ta in abin mace ne kamar motar malam ta fi ta ɗalibi, ita ce Turawa ke faɗa da that of. Sai dai mu jinsi muke dubawa su kuma adadi, abu ɗaya that of, da yawa those of, rigunan Kano sun fi na Zariya those of Zaria kenan. Duk sanda kika rikice a ɗakin jarrabawa ki juya jimlar zuwa Hausa a zuci, in kika ji na ko ta ta fito to ki nemi zaɓin da ke ɗauke da that ko those, ko kuma Katsina's.

Akwai wani tarkon kuma da ke kama har manya. Lagos is bigger than any city in Nigeria, ai Legas ɗin a Najeriya take, kin ce ta fi kanta girma kenan, dole a sa other, daidai da yadda muke cewa ta fi sauran birane. Amma in da biranen Nijar kika gwada ta ba ruwanki da other, don ba ta cikinsu.

Wanda na fi jin daɗin koyarwa shi ne I like tuwo more than my brother. Tuwon kika fi so a kan ƙanenki, ko kuwa kin fi shi son tuwo? Hausa ta raba gardamar da wurin da aka ajiye ƙanen, na fi ƙanena son tuwo daban, na fi son tuwo a kan ƙanena daban (Allah ya kiyaye mu da na biyun). Turanci sai an ƙara does a ƙarshe kafin a gane na fi ƙanena son tuwo ake nufi.

Kin ce tsohon littafin yayanki na GMAT, jarrabawar neman shiga karatun kasuwanci na gaba da digiri, kike bita da shi, ba laifi, ki dai sani sabon tsarin GMAT ɗin da ya fara a ƙarshen 2023 ya cire sashen gyaran jimla gaba ɗaya, saboda haka ki haɗa da tsofaffin tambayoyin JAMB.