Amsar Anti kan maganar kuɗin ciyar da yara bayan rabuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa, na ji saƙon ƙanwarmu tun jiya ban samu na zauna ba sai yanzu. Ga wanda bai saurara ba, cewa ta yi sun rabu da mijinta wata biyar kenan, yara uku suna hannunta, shi kuma ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai ta dawo masa da ƴaƴansa, ita kuma zuciya ta ɗebe ta ta hana shi ganinsu, har tana cewa ta yafe kuɗin ma ya riƙe abinsa.

Toh ƙanwata nan na ke so ki tsaya. Me za ki yafe? Ai ba kuɗinki ba ne. Haƙƙin yaran ne, ke kawai hannunki yake bi ya wuce, kuma mutum ba ya yafe bashin da ba nasa ba. Shi ma haka, ba zai mayar da cin yara da kuɗin makarantarsu abin ciniki ba. A kotu maganar wa zai riƙe yara daban, maganar ciyarwa daban, maganar ziyara daban. Don haka ki bar shi ya ga ƴaƴansa in dai ba cutar da su yake ba, wallahi hanawar nan ita zai fara ɗagawa gaban alƙali, kin ga kin ba shi sanda da hannunki.

Ta ɓangaren addini ma a fili yake, Baƙara aya ta 233 ta ɗora ci da tufatarwa a kan uba gwargwadon hali, Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Kuma kun san Hindu matar Abu Sufyan ta kai ƙarar maƙonsa wajen Manzon Allah SAW, ba a ce mata ta yi rashin kunya ba, izini aka ba ta ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa adalci. Masu cewa kai ƙara tonon asiri ne su ji wannan. A dokar duniya kuma akwai yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 27 ya ce iyaye ne farkon masu ɗaukar nauyin yaro, kuma gwamnatoci su yi abin da ya dace a karɓo masa kuɗin ciyarwa ko uban yana cikin ƙasa ko yana waje.

Yauwa, yanzu ga inda na ke so in daɗe, don nan ni na sha ƙasa. Ranar da na fara tsayawa gaban alƙali ya ce nawa kike kashe wa yaran a wata, wallahi baki na buɗe na kasa cewa komai sai hawaye, ina ta ba da labarin wulaƙancin da aka min, shi kuwa uban yara cikin natsuwa ya ce ai yana aikowa, kuma ba ni da abin da zan ƙaryata shi. Kuka ba hujja ba ne. Zama na biyu da littafi na je, ɗan ƙaramin littafin rubutu irin na yara, kowane shafi wata ɗaya, kuɗin makaranta, magani, takalmi, kuɗin mota, sabulu, rasit duk na maƙale a jiki har wanda ya fara gogewa. Alƙalin ya jawo tabarau yana juya shafi ɗaya bayan ɗaya, mutumin nan sai ya koma kallon silin. Ki fara naki yau ɗin nan. Ki haɗa takardun haihuwar yaran, takardar saki in akwai, sitatimen na banki, kuma duk mesej ɗin da ya turo yana cewa ba zai bayar ba kar ki goge, ki yi sikirinshot ki ajiye a wani wuri. In zai ba da kuɗi ya turo ta banki, na hannu da hannu shi ke kawo na bayar ban gani ba.

Alƙali dai abu biyu yake aunawa, buƙatar yaro da ƙarfin uba, a ƙasashe da yawa har da samun uwar ake dubawa, kar ki je da lissafin ramuwa. In samunsa ya ƙaru ko yaro ya shiga babbar makaranta ana iya komawa a sake dubawa, shi ma in aiki ya tsaya masa kotu zai koma ya nemi ragi, ba wai ya yi shiru ya ɓace ba, don bashi ne yake taruwa a kansa. Maza na group ku ji da kyau.

Sulhu ya fi sauƙi da arha, ban hana ba, a zauna da manya, amma a rubuta adadi da ranar biya da wa ke biyan asibiti, a kai kotu ta tabbatar. Shi ne in ya saɓa za a iya tilasta shi, wasu wuraren daga albashi ake cirewa tun kafin ya shigo hannunsa, a Amurka ma in bashin ya haura dala 2,500 fasfo ake hana mutum. In kuma a wata ƙasa yake akwai yarjejeniyar Hague ta 2007 kan karɓo kuɗin ciyar da yara daga wata ƙasa, amma tsakanin ƙasashen da suka shiga kawai take aiki, sai lauya ya duba miki.

Batun ba ni da kuɗin lauya kuma, ki tambaya a rajistirin kotu ina ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta, ga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da rassa a ƙasashe da yawa, wasu jami'o'in ma sashen koyon lauya suna ba da shawara kyauta. Kuma kar ki sa hannu a kowace takarda da aka kawo miki gida sai wani masani ya karanta miki ita.

Ki min magana ta private in nuna miki yadda na tsara littafin nawa, har yanzu yana nan. A gaida yaran.