Yadda Za Ki Gane Ko Shirin Walwala na Gidan Tsofaffi Yana Amfanar Mahaifinki

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 84, kuma wata shida ke nan da muka kai shi gidan kula da tsofaffi bayan wata jinya da ya yi. Gidan yana da abin da suke kira shirin walwala, har an manna jadawalinsa a bango, cike da ayyuka daga Litinin zuwa Lahadi. Sai dai duk sa'ad da na je sai in tarar da shi zaune gaban talabijin, kuma yanzu ba ya iya tashi sai an kama shi, alhali da ƙafarsa ya shiga gidan. Me ya kamata irin wannan shiri ya ƙunsa, kuma ta yaya zan gane ko yana amfanarsa?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malama, abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne cewa da ƙafarsa ya shiga gidan. Kafin komai, ki nemi likita ya duba shi sosai, domin raunin da ya zo cikin 'yan watanni yana iya fitowa daga maganin da ke sa kasala, ko ciwon gaɓoɓi, ko ƙarancin jini, ko baƙin cikin da tsoho ke haɗiyewa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Idan likita ya kawar da waɗannan, to abin da ya fi yawan kwantar da tsofaffi a irin waɗannan gidaje shi ne zaman kansa.

Tsokar tsoho ba ta jure rashin aiki. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya a gado har kwana 10, sai aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu. A gidan kulawa abin yana faruwa ne a hankali, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya: ma'aikaciya tana da mutane da dama da za ta shirya kafin hantsi, saboda haka ya fi mata sauri ta sanya wa Baba riga da ta tsaya ya sanya da kansa, ya fi mata kwanciyar hankali ta tura shi a keken guragu da ta bar shi ya taka. Fargabarta ba a banza take ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na mazauna irin waɗannan gidaje suna faɗuwa a kowace shekara. Amma wanda aka hana tafiya don gudun faɗuwa ƙafarsa ce ke ƙara sanyi, ranar da kuwa ya yunƙura shi kaɗai da dare zuwa banɗaki, ita ce ranar da zai faɗi.

Don haka ginshiƙin farko na shirin kirki shi ne atisayen da ke ƙara ƙarfi, kuma shekaru ba su hana shi. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta sun sa mazauna wani gidan tsofaffi da ke Boston su 10, masu kimanin shekara 90, suna ɗaga nauyi da ƙafafunsu na tsawon mako 8. Tara daga cikinsu suka kammala, kuma ƙarfin ƙafafunsu ya kusan ninka uku. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako, wanda bai iya kaiwa nan ba kuma ya yi gwargwadon ikonsa. A aikace wannan yana nufin tashi daga kujera da komawa sau da yawa a jere, ɗaga dugadugai yana riƙe da abin dafawa, tsayuwa da ƙafa ɗaya gaban ɗaya, da tafiya zuwa ɗakin cin abinci maimakon a kawo masa. A ganina, zaman da'ira ana ɗaga hannu ana tafi sau ɗaya a mako yana da daɗinsa, amma ba zai mayar wa kowa da ƙafarsa ba. Atisayen da ke aiki shi ne wanda likitan fisiyo, wato ƙwararren da ke gyara gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya tsara wa mutum shi kaɗai, ake ƙara masa nauyi ko yawa a kai a kai, ake kuma rubuta inda aka kai.

Ginshiƙi na biyu ya fi wuyar gani a bango, shi ne ko an bar wa tsoho ikon yanke wani abu game da rayuwarsa. A 1976 masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut. Wani rukuni aka ce musu su ne za su zaɓi yadda za a jera ɗakinsu da daren da za su kalli fim, aka kuma ba kowannensu shuka ya riƙa kula da ita. Ɗaya rukunin ma an ba su shukar, amma aka ce ma'aikata za su riƙa yi mata ban ruwa. Bayan mako uku, waɗanda aka ɗora wa nauyin kansu sun fi kuzari da fara'a da shiga mutane. Gwajin ƙarami ne, amma duk wanda ya daɗe yana aiki da tsofaffi ya ga irinsa da idonsa. Likita Bill Thomas, wanda ya shigar da dabbobi da tsirrai da yara cikin wani gidan tsofaffi a jihar New York a farkon shekarun 1990, ya taƙaita abin da ke cin mazauna gidajen a abubuwa uku: kaɗaici, da jin cewa ba su da ikon komai, da gundura.

A nan ne jadawali yake yaudarar iyalai. Ana iya cika mako da wasanni da waƙe-waƙe, alhali babu ko ɗaya da ya shafi mutumin da ke zaune a kujerar. Wanda ya yi shekara arba'in yana koyarwa, ko yana gyaran injuna, ko yana noma, ba lallai ne ya ji daɗin a miƙa masa takarda da alƙaluman fenti kamar ɗan makaranta ba, kuma ƙin zuwansa ba taurin kai ba ne, kare mutuncinsa yake yi. Shirin da ya san aikinsa yana farawa ne da tarihin mutum: me ya yi a rayuwa, me yake alfahari da shi, wane lokaci ya saba tashi, yaya yake ibadarsa, da wa yake son hira. Daga nan sai a nema masa abin yi da wani zai amfana da shi, ko da karanta wa maƙwabcinsa jarida ne. Wannan ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Wani gwaji da aka yi a gidaje 69 a Ingila, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa horar da ma'aikata su san kowane mazauni, tare da hira ko wani aiki da ya dace da shi na minti 60 kacal a mako, ya kyautata jin daɗin rayuwar masu cutar mantuwa, ya kuma rage musu firgici da tayar da hankali.

Akwai ƙananan abubuwa da kan rushe komai idan aka yi sakaci da su. Tsohon da ba ya ji sosai janyewa yake yi daga taro, har a yi zaton mantuwa ce ta kama shi, alhali batirin na'urar jinsa ne ya mutu ko dattin kunne ya toshe shi. Tabarau da suka daina dacewa, haƙoran roba da ke ciwo, da ƙarancin shan ruwa, tunda jin ƙishi yana raguwa da tsufa, duk suna rage kuzari. Tsaftar baki ma tana rage haɗarin ciwon huhu. Magungunan barci da na kwantar da hankali kuwa suna ƙara yawan faɗuwa, don haka ya dace a riƙa sake duba jerin magungunansa lokaci zuwa lokaci.

Game da yadda za ki gane gaskiyar lamarin, ki sauya lokutan ziyararki, wata rana da safe, wata rana da yamma ko a ƙarshen mako, ki ga ko abin da ke rubuce yana gudana. Ki nemi a nuna miki tsarin kulawar Baba shi kansa, ki duba ko akwai burin da za a iya aunawa, misali ya riƙa zuwa ɗakin cin abinci da sandarsa nan da mako shida. Ki tambayi ma'aikacin da ke tare da shi kullum, ba shugaban gidan ba, abin da Baba ya fi so. Amsarsa za ta nuna miki ko an san shi. Ki tambaya ko ana auna nauyinsa kowane wata, da kuma sau nawa yake fita ya sha iska da hasken rana. Ki yi wannan cikin ladabi, domin galibin ma'aikatan nan aiki ne ya yi musu yawa, kuma sun fi ba da haɗin kai ga iyalin da suka zo a matsayin abokan aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin fisiyo ke yi, wato a ƙirga sau nawa mutum zai tashi daga kujera ya koma cikin daƙiƙa 30. Ki roƙa a yi wa Baba yanzu, ko da sakamakon sifili ne, a rubuta, sannan a maimaita bayan wata biyu. Idan likita ya amince, ke ma duk zuwanki ki riƙa tayar da shi ku taka tare zuwa ƙofa ko lambu, ma'aikaci yana kusa, ki kuma tambaye shi da bakinsa inda yake son zuwa.