Ku Tambaya Mu Amsa: Gajerun Itatuwan Fure 'Yan Ƙasa a Lambun Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili da nake son ƙawatawa da gajerun itatuwa masu fure. An ce in nemi 'yan ƙasa, wato masu fitowa da kansu a yankin da nake, wai ba sa cin ruwa. Ta ina zan fara? (Wata uwar gida)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar tana kan hanya, sai dai da saura. Itace zai iya zama ɗan yankinki amma ya ƙi filinki, domin a yanki ɗaya akwai jigawa, akwai fadama, akwai marmara, kowace da 'ya'yanta. Saboda haka filin za ki fara tambaya kafin mai sayar da dashe.

Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗi kamar haka, ki cika shi da ruwa ki bari ya tsotse, sannan ki sake cikawa ki auna. Idan ruwan na sauka kamar santimita 3 zuwa 7 a awa ɗaya, ƙasar ta yi wa yawancin itatuwa. Idan kin wayi gari yana nan kwance, laka ce mai riƙe ruwa, kuma duk itacen da ya saba da tudu saiwarsa za ta ruɓe a cikinta. Bayan nan ki ƙirga awa nawa rana ke dukan wurin. Yawancin masu fure suna son awa 6 ko fiye, ƙasa da haka sai ganye ya yi yawa, fure ya yi ƙaranci.

In kin san waɗannan biyun, ki duba jejin da ke kusa, a wurin da ƙasarsa ta yi kama da taki. A busasshen yanki mai gajeriyar damina, misali, sabara tana son rairayi marar ƙarfi, geza kuwa tana jure marmara da tsakuwa. Gauɗe yana fitar da farin fure mai ƙanshi wanda ke rikiɗewa rawaya idan ya kwana biyu, amma ba ya saurin girma, sai mai haƙuri. Kariya tana yin furenta mai ruwan hoda da rani, lokacin da kusan komai ya bushe. Ki haɗa masu fure da damina da masu fure da rani, don kada lambun ya yi wata shida ba launi. Kuma ki tambayi girman kowane idan ya kai munzali: wanda zai buɗe mita 2, ki bar masa aƙalla mita 1 tsakaninsa da katanga.

Tambaya: Na haƙo ƙananan itatuwa biyar daga daji na dasa, duk suka bushe cikin mako biyu duk da ban ruwan da nake yi. Me ya jawo? (Wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, tun a dajin ka baro rayuwarsu. Itacen busasshen wuri yakan tura uwar saiwarsa can ƙasa neman laima, har tsawonta ya ninka na abin da ido ke gani a sama. Da ka sa fartanya ka datse ta, ganye ya ci gaba da fitar da ruwa, ba abin da ke mayar masa. Ban da haka, haƙar daji tana ƙarar da irin a inda yake.

Ka tara iri idan ya nuna. Masu taurin ɓawo, ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba irin ya kwana a ciki, ko ka goga gefe ɗaya a takardar yashi har fari ya ɗan leƙo. Ka shuka a leda mai tsawo, ka dasa a farkon damina kafin saiwa ta fara nannaɗewa a gindin ledar. Ramin dashen ya ninka ƙunshin saiwar sau biyu a faɗi, amma zurfinsu ya zama ɗaya. Nan mutane da yawa ke kuskure: su binne wuyan itacen, inda kara ya haɗu da saiwa, sai ɓawon ya ruɓe a hankali, ana ta zargin tsutsa.

Maganar cewa ɗan ƙasa ba ya son ruwa kuma sai ya kafu take zama gaskiya. A wata biyu na farko, in ba a yi ruwan sama ba, ka ba kowane lita 10 sau biyu a mako, daga baya sau ɗaya, har ya tsallake rani guda. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafin kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Ka rufe gindin da busasshen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu daga karan saboda gara.

Tambaya: Mai sayar da fulawa ya ce mini bugambiliya da lantana 'yan ƙasa ne tunda ko'ina akwai su. Haka ne? (Wani magidanci)

Amsa: Ba haka ba ne, Alhaji, sai in a nahiyar Amurka kake zaune. Bugambiliya daga Kudancin Amurka ta fito, lantana kuma daga Tsakiya da Kudancin Amurka. Ta farkon baƙuwa ce mai ladabi, inda aka ajiye ta nan take zama. Lantana kuwa tsuntsaye ke cin 'ya'yanta su watsa irin, ta mamaye makiyaya, ga ganyenta guba ne ga shanu da tumaki. Abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma. Dundu, mai fure kamar tuntu rabi hoda rabi rawaya, ɗan Afirka ne, amma da aka kai shi ƙasar Kuba ya cinye gonaki masu ɗimbin yawa. Ko a gidansu ma yana da ƙaya kuma yana toho daga saiwa nesa da gindinsa, don haka ba mu ba da shawararsa ga ƙaramin fili.

Tambaya: Kariyata ta yi shekara biyu, ganye shar, fure ko ɗaya babu. Ga shi ina zuba mata taki duk wata. (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yar'uwa, gatan ne ya yi mata yawa. Takin zamani mai yawan naitirojin, irin su yuriya, ganye yake ginawa. Ki daina, ki mayar da ita inda rana ke duka sosai, ki bari ƙasar ta bushe sarai tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Ki matsa kumburarren gindin da yatsa: idan da tauri lafiya lau, idan ya yi laushi ruɓa ta fara, sai ki cire ta, ki yanke ɓangaren da ya lalace, ki shanya a inuwa kwana 3 zuwa 5, ki sake dasawa a ƙasa mai yashi da yawa. Aski kuma sai bayan fure ya kaɗe, in ba haka ba kan reshen da zai fitar da furen ne za ki datse. Ki sa safar hannu in za ki yanke ta, domin ruwan jikinta guba ne, kuma ki tattara rassan da kika yanke kada yara ko dabbobi su kai gare su.