Sana'ar ƙwallon ƙafa da hukuncin rage shekaru a fasfo

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne ɗan shekara 21, ina buga wa wata ƙaramar ƙungiya ƙwallo a Kaduna. Tun ina firamare babu abin da na iya kamar ƙwallo. Kwanan nan wani eja, wato dillalin 'yan wasa, ya ga wasana, ya ce zai kai ni gwaji wani kulob a Turai. Baffana, yayan mahaifina, ya ce ƙwallo wasan banza ce, kuɗinta haram ne, har ya sa Baba ya fara ja da baya. Shin Malam, sana'ar ƙwallo halal ce, kuma albashinta ya halatta in ci in ciyar da iyayena? Sannan ejan ya ce sai an yi mini sabon fasfo an mayar da ni ɗan 18, kuma mu haɗa naira miliyan uku na takardu da jirgi, Baba yana tunanin jinginar da gona. Na tambayi wani malami a unguwarmu maganar shekarun, ya ce ba komai tunda ba Musulmi za a yi wa ba, kuma yaƙi ɗan zamba ne. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Abin da ka sa a gaba a tambayarka mai sauƙi ne. Buga ƙwallo a asalinsa halal ne, kuma albashin ɗan wasa ijara ce: ƙungiya ta ɗauke ka aiki na lokaci sananne a kan lada sananne, ka yi atisaye, ka buga, a biya ka. Matuƙar ka kiyaye sallarka a kan lokaci, ka suturta cinyarka da dogon matsattsen wando a ƙarƙashin gajeren, ka nisanci caca, kuɗin nan za ka ci, ka ciyar da iyayenka, ka fitar da zakka, ka je Hajji da su. Baffanka kuwa kada ka yi masa gardama a gaban mutane. Tsoronsa yana da tushe, domin ya ga yaran da ƙwallo ta raba da masallaci da makaranta. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa sharuɗɗan nan, ka roƙe shi ya riƙa bibiyarka a kansu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layukan da ka ajiye a ƙarshe kamar ƙarin bayani. Su ne suka canza hukuncin tafiyar nan gaba ɗaya. Ka san shekarunka, ka rubuta su da hannunka: 21. Da a ce kana cikin waɗanda aka haifa a ƙauye ba a rubuta ba, da sai mu ce a tambayi manya, a auna da wani abu da ya faru a shekarar, a rubuta abin da ya fi rinjaye a zato, babu laifi ko an ɗan kuskure. Kai ba haka kake ba. Mayar da kai ɗan 18 ƙarya ce da gangan, kuma haramun ce, tafiyar da aka gina a kanta ba ta halatta gare ka.

Ka duba yadda ake yin abin ma. Fasfo ba ya canzuwa shi kaɗai. Sai an nemo sabuwar takardar haihuwa, a taɓa bayanan katin ɗan ƙasa, kuma galibi sai wani babba a gidanku ya sa hannu a takardar rantsuwa a kotu cewa ya san ranar da aka haife ka. Wa za ka kai? Mahaifinka? Wato ka ɗauki dattijon da ya yanka maka ragon suna ka tsayar da shi ya yi shaidar zur da rantsuwar ƙarya, biyu daga cikin manyan kaba'irai, domin kai ka samu kulob. Ka ce kana so ka ciyar da shi. Kada hidimarka ta farko gare shi ta zama wannan.

Sannan shekarun ɗan wasa suna cikin ainihin abin da kulob yake biyan kuɗi a kansa. A kara, mai sayen bijimi yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora kafin ya taya, domin shekarun da suka rage masa na aiki su ne farashin. Kulob ɗin da ya ɗauki ɗan 18 yana lissafin zai horar da shi, jikinsa zai ƙara buɗewa, ya sayar da shi da riba bayan shekara uku ko huɗu. Idan aka ba shi ɗan 21 da takardar 18, an sayar masa da shekaru ukun da babu su. Wannan shi ne algus, kuma hadisin da ya zo a kansa ko ɗan Islamiyya ya haddace shi.

Yanzu ga maganar malamin unguwarku. Zan tsaya a kanta, domin na sha jin irinta a bakin masu neman biza da masu cinikin intanet, kuma tana ɓata tarbiyyar matasanmu.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin wasu daga Ma'abota Littafi a Suratu Ali Imrana, aya ta 75, waɗanda idan ka ba su amanar dinari ɗaya ba za su mayar maka ba sai ka tsaya a kansu, saboda suna cewa babu laifi a kansu game da waɗanda ba nasu ba. Allah ya ce ƙarya suke yi masa suna sane. To, wanda ya ce maka yaudarar Bature ba komai saboda ba Musulmi ba ne, hujjarsu ya ɗauko ya sa mata rawani. Amana da gaskiya a ciniki ba a taɓa rataya su a kan addinin wanda kake mu'amala da shi ba. Lokacin hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin ne suka kewaye gidansa da takubba. Mugira ɗan Shu'uba, kafin ya musulunta, ya yi tafiya da wasu mutane ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya karɓi Musulunci. Annabi ya ce masa ya karɓi Musuluncinsa, amma dukiyar babu ruwansa da ita. Buhari ne ya ruwaito wannan a cikin ƙissar Hudaibiyya. Dukiyar mushirikai ce, amma da yake ha'inci ne ya kawo ta, bai taɓa ta ba.

Hadisin yaƙi ɗan zamba ne kuwa ingantacce ne, amma a fagen fama aka faɗe shi, tsakanin rundunoni biyu da kowanne ya san ɗayan yana neman ransa. Ko a can ɗin malamai sun haɗu a kan cewa zambar ba ta shafi karya alkawari ko amana ba. Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Ƙuraishawa sun kama su a hanya, suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, ana buƙatar kowane namiji. Annabi ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ya ruwaito. Idan a Badar aka cika wa maƙiyi alkawari, ina hujjar yi wa kulob ɗin da ya aiko maka da takardar gayyata, ya ba ka masauki da abinci da likita? Kai da ka shiga ƙasarsu da biza, ka shiga ne da amana.

Mai yiwuwa malamin ya jiyo ƙamshin maganar da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa, cewa Musulmin da yake ƙasar da ake yaƙi da ita zai iya karɓar dukiyarsu ta wasu cinikayya da ba su inganta a wurinmu. Jumhurun malamai sun saɓa masa, har da babban almajirinsa Abu Yusuf. Kuma ko shi da ya faɗa, sharaɗinsa shi ne su bayar da yardarsu, babu ha'inci. Wanda aka nuna wa fasfon bogi bai yarda da komai ba, ruɗarsa aka yi. Saboda haka maganar ba ta da mazauni ko a mazhabar da aka jingina ta.

Bayan haka, wa ya gaya maka Bature kaɗai ake cuta? Gurbin 'yan shekara 18 da za ka shiga, na wani yaro ne ɗan 18 na gaskiya, wataƙila a Tudun Wada yake ko Zariya, yana sallah kamar yadda kake yi. Za a gwada ku tare, ka fi shi ƙarfi da wayon wasa saboda ka girme shi da shekara uku, a ɗauke ka a sallame shi. Haƙƙinsa yana wuyanka ko ba ka san sunansa ba. Kuma kowane fasfon ƙarya da aka kama yana ƙara wa masu gaskiya wahala. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 aka shigo da hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, domin gane wanda ƙashinsa ya gama haɗewa. A 2016 yara 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, alhali Najeriyar ce ke riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17. A ƙarshen 2022 Kamaru ta sallami yara 21 cikin 30 na tawagarta bayan irin wannan gwaji. Yau duk yaron da ya fito daga ƙasashenmu ana yi masa kallon tuhuma, kuma masu cewa ba komai ne suka jawo.

Larura ma babu ita a nan. Ba yunwa ce za ta kashe ka ba, buri ne, kuma buri mai kyau, amma ba ya halatta shaidar zur.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗan Afirka mai shekara 21 ƙofofinsa sun fi na ɗan 18 ƙunci. Sai dai ba a rufe suke ba. N'Golo Kante yana da shekara 21 yana buga wa Boulogne a rukuni na uku a Faransa. Ya koma Caen a 2013, Leicester a 2015, ya ci Firimiya a 2016, ya ɗaga kofin duniya a 2018. Ahmed Musa kuma ta gasar gida ya fita: ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar, sannan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, kuma sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga musu, saboda dokar FIFA ta hana cinikin ƙananan yara tsakanin ƙasashe. Daga nan CSKA Moscow, daga nan Leicester. Ka nemi hawa zuwa ƙungiyar da ke babbar gasar Najeriya da shekarunka na gaskiya, ka yi kaka ɗaya ko biyu ana ganinka. Mai neman ɗan wasan da ya nuna zai same ka a can.

Maganar gona kuwa, ka hana Baba yau, kada ka bari sai gobe. Mutumin da ya fara hulɗa da kai da cewa ku yi ƙarya tare, me zai hana shi yi maka? Kulob ɗin da yake son ɗan wasa da gaske yakan aiko da gayyata da sunansa a takardarsa, kuma eja na gaskiya ladansa yana fitowa ne idan an sa hannu a kwantiragi. Tun 2023 FIFA ta dawo da lasisin ejoji da jarrabawa. Ka tambaye shi lasisinsa, ka sa wanda ya iya ya bincika, a tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye. Yaranmu da yawa an kai su wata ƙasa an ajiye a otal, ejan ya ɓace da kuɗin, biza ta ƙare, kunya ta hana su dawowa gida saboda gonar da aka sayar. Ba na so in ji sunanka a cikinsu.

Idan Allah ya buɗa maka ta hanyar halal, akwai abubuwan da za ka tarar. Caca a kan wasa da sayar da wasa haramun ne, babu saɓani. Layu da zuwa wurin boka kafin wasa, ko binne wani abu a raga, wannan ya fi rage shekaru muni, domin tauhidinka yake taɓawa. Azkar ɗinka na safe da yamma sun ishe ka. Tallan kamfanin caca ko giya a gaban riga, ka yi maganarsa tun kafin ka sa hannu, lokacin da bakinka yake da nauyi. Frederic Kanoute ya taɓa rufe tambarin wani kamfanin caca a rigarsa a Sevilla, kuma kulob ɗin ya saurare shi na wani lokaci. Idan kana da zaɓi tsakanin ƙungiya biyu, ɗauki wadda rigarta take da tsabta ko da albashinta bai kai ba. Azumi kuma, ranar da kake matafiyi kana da rangwamen matafiyi ka rama, ranar da kake gida ka ɗauki azuminka. Idan ka kai can ka sake tambaya da bayanin halin da kake ciki.

Ban ga ka ambaci karatu ko wata sana'a ba, kuma wannan ya dame ni. Ƙwallo takan sallami mutum yana ɗan talatin da 'yan kai, jijiyar gwiwa ɗaya kuma tana iya sallamarsa gobe da safe. Atisayenku ba ya cinye yini duka. Ka nemi shago ko makaranta ka cike sauran, ka kuma koma gaban malami ka gyara karatun sallarka da tsarkinka kafin ka tafi inda ba za ka ji kiran sallah ba.

Ka je ka sami ejan ka ce masa shekarunka 21, da su za ka tafi. In ya yarda, kuma bincike ya nuna shi da kulob ɗin na gaskiya ne, kuma Baba ya sa albarka ba tare da an taɓa gona ba, ka yi istihara ka tafi. In ya ƙi, ka rabu da shi. Malamin unguwarku kuma ka kai masa wannan amsa cikin ladabi, kai da shi kaɗai, wataƙila akwai wasu yaran da ya faɗa wa irin abin da ya faɗa maka.

Allah ne mafi sani.