Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya raba kan masu kallo a daren da Raw ya koma Netflix?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan gidan kallo a nan Tawa, inda samari ke taruwa kallon ƙwallo da kokowar Turawa ta WWE. Tun daren da aka fara nuna shirin Raw a Netflix gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu. Wasu sun ce ba a taɓa yin dare mai armashi irinsa ba, wasu kuma sun ce talla da surutu kawai aka sha. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ihun da jama'a suka yi wa Hulk Hogan, mutumin da iyayenmu ke ba mu labarinsa. Don Allah a warware mana.
Daga mai gidan kallo, Tawa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Gardamar da ake yi a fadarku ita ce aka yi a Amurka da Ingila tun kafin gari ya waye, kuma kowane ɓangare yana da hujjar kamawa. Amma idan ra'ayina kake nema, masu ƙorafin sun fi kusa da gaskiya game da wannan dare, domin ba don su aka shirya shi ba.

An yi wasan ranar Litinin 6 ga Janairun 2025 a zauren Intuit Dome da ke Inglewood, a gefen birnin Los Angeles, aka fara da ƙarfe 5 na yamma agogon can, wato ƙarfe 2 na dare a nan Nijar, wayewar garin Talata. Shirin Raw ya fara fita ne ranar 11 ga Janairun 1993, kuma tun daga lokacin har ƙarshen 2024 ta tashoshin talabijin ya riƙa zuwa gidajen Amurkawa duk Litinin. A Janairun 2024 aka sanar cewa Netflix ya saye shi na shekara 10 a kan kuɗin da suka haura dala biliyan 5, wanda in an juya shi zuwa sefa ya zarce biliyan 3,000, kusan daidai da kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba tsofaffin masu kallo yake nema ba, don su ko ina aka kai shirin za su bi shi. Sababbi yake farauta: mutumin da ya shiga Netflix neman fim ya ci karo da kokowa, da kuma wanda ya daina kallo tun yana yaro, wanda sai ya ga fuskar da ya sani zai tsaya.

Shi ya sa aka cika daren da tsofaffin fuskoki. Triple H, wanda ke tsara labaran WWE a yanzu, shi ya buɗe taro, The Rock ya biyo baya, John Cena ya fito ya ƙaddamar da shekararsa ta bankwana tare da cewa zai shiga gasar Royal Rumble, The Undertaker ya shigo a kan babur, mawaƙi Travis Scott ya rako Jey Uso ta cikin jama'a. A cikin awa uku da ƴan kai karawa huɗu kacal aka yi. Roman Reigns ya kada Solo Sikoa, Rhea Ripley ta ƙwace kambun mata daga hannun Liv Morgan, Jey Uso ya doke Drew McIntyre, sannan CM Punk ya yi nasara a kan Seth Rollins a karawar rufe taro. Ko shimfiɗar dandalin ba ta tsira ba, sai da aka cika ta da tambarin kamfanoni. Daren ya yi kama da walimar aure, inda ake fara cika wa baƙi kwano, ƴan gida kuma sai a ce su yi haƙuri tun da gidansu ne.

Masu yabo ba su yi ƙarya ba. Zauren ya cika da mutum fiye da 17,000, hoton ya fito tas, kuma fargabar da aka shiga da ita ba ta tabbata ba, domin a Nuwamban 2024, lokacin damben Mike Tyson da Jake Paul, hoton Netflix ya yi ta tsayawa har mutane suka yi ta Allah wadai, amma a daren Raw ba a ji koke irin wancan ba. Netflix ya ce an kalli shirin sau miliyan 4.9 a duniya. Karawar Punk da Rollins kuma ta biya mai kallo kuɗin barcinsa, don gabar da ke tsakaninsu an daɗe ana gina ta, tun dawowar Punk a Nuwamban 2023 bayan kusan shekara 10 da barin kamfanin. Haka ma karawar Roman Reigns da Solo Sikoa, wadda aka yi a kan Ula Fala, jan abin wuyan nan da shugabannin gargajiya na tsibirin Samowa ke ratayawa. Su biyun dangi ɗaya ne, kuma wanda ya bi rikicin dangin tun 2020 ya san cewa sarauta ce ake ja a kai.

Inda ran tsofaffin masu kallo ya fi ɓaci shi ne jawabin The Rock. A farkon 2024 ya dawo a matsayin mugu a labarin da WWE ke tsarawa, ya yi wa Cody Rhodes jina-jina a cikin ruwan sama a birnin Chicago, kuma bayan WrestleMania ta 40, babban taron WWE na shekara-shekara, ya nuna cewa da sauran magana a tsakaninsu. A watan Oktoba ya sake bayyana ya tsaya yana hararar Cody da Roman Reigns ba tare da ya ce uffan ba. Mutane sun yi wata tara suna jiran ranar da za a yi ta ta ƙare. Sai ga shi a daren Netflix yana murmushi, yana gode wa shugabannin kamfanin da ke zaune a zauren, yana yabon Cody, daga baya kuma ya rataya wa Roman abin wuyan da hannunsa. Dalilin a bayyane yake: tun Janairun 2024 The Rock yana cikin kwamitin gudanarwar TKO, kamfanin da ya mallaki WWE, saboda haka a wannan dare da rigar ɗan kasuwa ya fito. Ni dai ina ganin an yi wa masu bin labarin rashin adalci, domin sana'ar gaba ɗaya a kan haƙurinsu take tsaye. Wanda aka ce ya riƙe labari a ransa wata da watanni yana da haƙƙin a ƙarasa masa shi, ko aƙalla a ba shi dalilin ajiye shi.

Sai batun Hulk Hogan. Gaskiya ne cewa a shekarun 1980 babu sunan da ya kai nasa a wannan sana'a, kuma da wuya WWE ta kai inda take ba tare da shi ba. To amma mutanen da ke zauren sun san abin da ya biyo baya. A 2015 aka fitar da wani faifai da aka ji shi yana furta kalaman wariyar launin fata, kamfanin ya sallame shi, bai maido da shi cikin jerin gwarazansa ba sai 2018, kuma da yawa daga baƙaƙen fata, har da wasu ƴan kokowar, ba su gamsu da neman afuwarsa ba. A Yulin 2024 ya hau dandalin babban taron jam'iyyar Republican ya yaga riga don nuna goyon baya ga Donald Trump. Sannan a daren Netflix abin da ya kawo shi shi ne tallar giyar kamfaninsa, a Inglewood, garin da mafi yawan mazauna baƙaƙen fata ne da ƴan asalin Latin Amurka.

Wasu sun ce siyasa ce kawai, tun da jihar Kalifoniya ba ta zaɓi Trump ba. Wannan bayani bai cika ba, domin The Undertaker ma ya fito fili ya goyi bayan Trump kafin zaɓen, amma a wannan dare da wannan zaure tafi ya sha. Abin da ya taru a kan Hogan ya fi siyasa yawa, kuma tsohon faifan nan shi ne kan gaba. Ka lura da wani abu, ƙanena: a wasan da aka rubuta wanda zai ci da wanda zai faɗi tun kafin a buɗe ƙofa, muryar jama'a ita kaɗai ce ba a iya rubutawa. An tsara Hogan ya fito a yi masa tafi, jama'a suka ƙi, kuma ana gani kai tsaye ba damar gyarawa. Shi ya sa washegari labarin ihun ya fi labarin kowace karawa yaɗuwa. Ka faɗa wa ƴan fadarku kada su yanke wa Raw hukunci da dare ɗaya na buɗe shago. Abin dubawa shi ne makonnin da baƙi suka watse, ko za a rage surutu a ƙara kokowa.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne mai son kokowar gargajiya, ban taɓa barin gasar takobi ta wuce ni a rediyo ko talabijin ba. Yanzu jikokina sun bar ni da Issaka Issaka sun koma wa Roman Reigns. Na ce musu wasan kwaikwayo ne, sun ce ban gane ba. Wa ke da gaskiya?
Daga wani dattijo, unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Kana da gaskiya, kuma kamfanin da kansa ba ya musu. Tun 1989 ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kauce wa dokoki da kuɗaɗen hukumar wasanni. Akwai marubuta, akwai masu tsara yadda karawa za ta gudana, kuma alƙalin wasa yana sanye da ƴar na'ura a kunne wadda ake sanar da shi lokacin da ya rage.

Sai dai jikokin naka ma suna da rabin gaskiya, domin faɗuwar ba ta ƙarya ba ce. Owen Hart ya rasu a 1999 bayan ya faɗo daga saman zaure a birnin Kansas ana cikin nuna shiri, Cody Rhodes kuma ya yi cikakkiyar karawa a 2022 da tsokar ƙirjinsa a yage. Ana koyon yadda za a faɗi a rage rauni, ana shekaru ana koyo, amma duk da haka ƙashi yana karyewa. A nan ne nake roƙon ka sa ido: kada yara su riƙa gwada waɗannan tsalle-tsalle a tsakar gida, domin kamfanin da kansa ya daɗe yana gargaɗi a kan haka.

Game da kokowarmu kuwa, ba na ganin dalilin da za a auna su a ma'auni ɗaya. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, babu wanda ya taɓa shiga fili da tabbacin yadda za ta kaya. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas, amma a kowace karawa idan aka kada shi, shi ke nan, ko da a hannun yaron da ba a san sunansa ba ne. Roman Reigns ya riƙe kambu kwana 1,316 saboda kamfanin ya ga yana kawo kuɗi. Abin da WWE ta fi mu shi ne iya ba da labari duk mako ba hutu, yayin da tamu kokowar ke cika kunne kwana goma a ƙarshen shekara sannan ta lafa. Kirari da makaɗa da shigar ɗan kokowa fili da layu duk muna da su tun kafin su. Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai riƙa bibiyar ƴan kokowa tsakanin takobi da takobi yana nuna wa yara su wane ne su. Idan gasar ta zagayo, ka zaunar da jikokin kusa da kai ka ba su tarihin kowane ɗan kokowa kafin a kama, ka ga ko za su tashi.

Tambaya: Na biya kuɗin Netflix musamman don in kalli Raw a daren da ya koma can, na duba ban gan shi ba. Ko wayata ce ke da matsala?
Daga wata ɗaliba, Yamai.

Amsa: Ƴar'uwa, wayarki lafiyarta ƙalau. Netflix ba abu ɗaya yake nuna wa kowace ƙasa ba, yana duba inda mai kallo yake ne ya ba shi abin da yake da izinin nunawa a can. Yarjejeniyar ta fara aiki ne a Amurka da Kanada da Ingila da Latin Amurka da wasu yankuna, aka ce sauran za su biyo baya idan kwangilolin da WWE ta ƙulla da tashoshinsu suka ƙare. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin waɗanda aka jinkirta, domin a lokacin izinin nuna shirin yana hannun tashar SuperSport. Faransa da Jamus ma ba su samu a ranar farko ba. Kafin ki sake biyan kuɗi saboda wani shiri, ki fara tambayar wanda ke da Netflix a nan Nijar ya rubuta sunan shirin a wurin nema ya gani ko zai fito. Guntayen karawar kuwa WWE tana saka su kyauta a shafinta na YouTube jim kaɗan bayan an tashi, kuma sun fi sauƙi ga mai lissafin kuɗin intanet.