Hawan dutse da jif a tsibirin Samui: zan iya tafiya da Hajiya da yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan je Bankok saro kaya sau biyu a shekara, amma ban taɓa wuce kasuwa da masauki ba. Bana ina so in tafi da maiɗakina, da yaranmu biyu ('yar shekara 9 da ɗan shekara 5), da mahaifiyata wadda ta haura 65, mu yi kwana huɗu a tsibirin Ko Samui da ke kudancin ƙasar Tailan cikin watan Nuwamba. Yaran sun ga bidiyon motocin jif suna hawa duwatsun tsakiyar tsibirin, mutane zaune a saman mota, sun tasa ni gaba sai an je. Abin ba shi da hatsari? Ko in ɗauki hayar mota in tuƙa da kaina, tunda na shekara 20 ina tuƙi? Yaya kuma batun abinci da salla a can sama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri da ka tuna da Hajiya a wannan tafiya. Za ku iya zuwa, kuma wurin ya cancanci a gan shi. Sai dai abu uku zan so ka sauya: watan, irin motar, da kuma wanda zai riƙe sitiyari. Bari in fara da na ƙarshen, don na san shi ne zai fi yi maka ciwo.

Kada ka tuƙa da kanka. Ba raina shekara 20 ɗinka nake ba. Ƙololuwar tsibirin, dutsen da suke kira Khao Pom, tsayinsa mita 635 ne kawai, wanda in ka ji sai ka ce ai Jos ma ta ninka shi. Gaskiya ne, amma Jos a hankali ake hawanta. A Samui daga bakin teku kake farawa, cikin 'yan kilomita kaɗan sai ka haye wannan tsayin gaba ɗaya. Ka ɗauko Hawan Kibo, ka matse shi ya zama faɗin mota ɗaya da rabi, ka ƙara masa tsayuwa, ka sa masa kwana mai kaifi a daidai inda ya fi miƙewa, to ka kusa. Wasu hanyoyin an zuba musu kankare, wasu kuwa jar ƙasa ce da tsakuwa wadda ruwan sama ya yi wa kwazazzabai. Kankaren ma kada ya ruɗe ka: inda inuwar itatuwa ta rufe shi gansakuka yake yi, da an ɗan yi yayyafi sai ya koma kamar an zuba miyar kuɓewa.

Hawan ma da sauƙi, saukowar ce jarrabawa. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titi ƙafarsa a kan birki take zama, kuma birkin da aka danne minti goma a gangara zafi yake ɗauka har ya daina kamawa. Direbobin can ba da birki suke sauka ba. Motarsu mai jan ƙafa huɗu ce, suna sa ta a ƙaramar giyar nan da direbobinmu ke ce wa ogzilari, inji ne ke riƙe motar tana rarrafawa, birki kuwa taɓa-saki. Sun kuma san kwanar da ake yin hon kafin a shiga. Ka haɗa da cewa a Tailan hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama, mu kuwa tun 1972 muka bar wannan tsari. Sannan sai da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma yawancin takardun hayar mota sun rubuta cewa inshora ba ta ɗaukar ɓarnar da aka yi a hanyar da ba kwalta. Babur kuwa ko zancensa kar a yi. Asibitocin tsibirin sun gaji da ɗinke baƙin da suka ɗauki hayarsa. In akwai mai neman riƙe fasfonka a matsayin jingina, ka ba shi kwafi ko kuɗin ajiya, ko ka yi gaba.

Saboda haka abin da za ka saya a wannan yawo direba ne. Kallon kyauta ne, Allah ya riga ya ajiye shi.

Yanzu motar. Abin da yaranka suka gani a bidiyo galibi akori-kura ce da aka yi wa benci biyu a baya, aka ɗora wasu kujeru a kan rufin direba, ko kuma tsohuwar jif irin ta soja. Ana bi otal-otal da safe wajen ƙarfe 9 ana kwasar mutane, a cika mota da baƙin da ba su san juna ba, a dawo da su da La'asar. Kuɗin mutum ɗaya a 'yan shekarun nan yakan faɗo tsakanin baht (kuɗin Tailan) 1,200 da 2,000, har da abincin rana. Kujerun saman nan su ne abin talla, su ne kuma inda hatsarin yake. Duk nauyin da ka ɗora a sama yana sa mota ta fi saurin karkata a kwana, kuma wanda ke can ba ƙofa ba rufi, sai bel ɗaya da ƙarfen riƙewa. Na taɓa hawa sau ɗaya don in san abin da nake tura mutane su yi. Reshe ya tafi da hulata, na gode wa Allah da ba ido ya samu ba, kuma direban namu, yaro matashi, da ya ji fasinja suna ihu sai ya ƙara wuta, don a wurinsa ihun shi ne shaidar an ji daɗi. Ɗan shekara 5 ba shi da wurin zama a can. 'Yar shekara 9 ma ni ba zan bari ba, amma in ta matsa, to a shimfiɗaɗɗen wuri, kana gefenta, na 'yan mintuna.

Ku biyar ne. In ka tara kuɗin kujera biyar, abin da za ka ƙara ka ɗauki mota taku ku kaɗai ba shi da yawa, kuma shi ke warware kusan duk sauran tambayoyinka. Ka nemi mai ƙofa huɗu, Hajiya ta zauna a gaba kusa da direba inda girgiza ta fi sauƙi, maiɗakinka da yara a kujerar baya ta ciki. Bencin baya yana dukan ƙugu da gadon baya sosai. In Hajiya na fama da ciwon baya ko hawan jini, ko kuma maiɗakinka na da juna biyu, a tambayi likita tukuna, mai juna biyu kam kamfanonin da kansu ba sa ɗauka. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka lambar rajistar kamfanin ta hukumar yawon buɗe ido, ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da inshorar fasinja, ka kuma duba tayoyin motar da idonka kamar yadda za ka duba dila kafin a ɗaure. Ka gaya wa direba tun a ƙasa cewa da tsohuwa a mota, ba tsere kuka zo ba. Mayafi mai tsawo a naɗe shi da kyau, iska da rassa ba sa wasa.

Dalili na biyu na ɗaukar mota taku shi ne jerin wuraren da ake tsayawa, wanda ba da iyali irin naka aka tsara shi ba. Yawancinsu suna farawa da wasu duwatsu biyu a bakin teku kusa da Lamai, Hin Ta da Hin Yai, wato Kaka namiji da Kaka mace. Abin da ya sa suka yi suna shi ne siffarsu ta yi kama da al'aurar namiji da ta mace. Turawa dariya suke yi suna ɗaukar hoto. Kai kuwa ka ƙaddara kana tsaye tsakanin mahaifiyarka da matarka, ga ɗan shekara 5 yana tambaya me ake kallo. Ka ce wa direba ya wuce. In ana son alewar kwakwa da ake sayarwa a wurin, wadda suke kira kalame, kai kaɗai ka sauka ka sayo, tana da daɗi.

Daga nan sai wurin bautar mabiya Buddha na Wat Khunaram, inda aka ajiye gawar wani malaminsu, Luang Pho Daeng, da ya rasu a 1973 yana zaune. Tana cikin akwatin gilashi har yau, an sa mata baƙin tabarau. Wannan kai za ka yanke ko za ku shiga ko a mota za ku jira. Na san Hajiyoyin da suka ce su ba su zo kallon gawa ba, kuma ban ga laifinsu ba. In an shiga, takalmi a waje. Haka lambun mutum-mutumin da ke can saman dutse, wanda wani manomin 'ya'yan itacen duriyan mai suna Nim Thongsuk ya fara sassaƙawa a 1976 yana da shekara 77. Wurin akwai sanyi da ƙorama, amma matakalarsa na da santsi, ba na tsofaffi ba ne. Wasan biri mai tsinko kwakwa da hawan giwa kuwa ni nakan cire su. Yadda ake horar da dabbobin nan da sarƙa da ƙugiya ba abin da za ka so yara su koya ba ne, kuma tun 2020 wasu manyan kantunan Ingila suka janye kayan kwakwar da aka ce da birai aka tsinko.

Abin da ya cancanci wahalar shi ne can sama. Har zuwa farkon shekarun 1970 ba titi a tsibirin. Mai son ƙetarawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, tafiyar kilomita 15, sai ya wuni yana ratsa waɗannan duwatsu da ƙafa, ko ya zagaya da kwale-kwale. Titin zoben da ya kewaye tsibirin, mai lamba 4169 da tsawon kusan kilomita 50, shi ya ja otal-otal da kantuna suka jeru a bakin ruwa, filin jirgin sama ya biyo baya a 1989. Tsakiyar sai ta zauna kusan yadda take: gonakin kwakwa a ƙasa, roba da duriyan in an haura, sai kurmi. Da kun yi minti 20 kuna hawa za ku ji zafin ya saki. Daga wajen wurin bauta na Wat Teepangkorn, kusa da ƙololuwa, kana ganin teku ta ɓangarori, jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa. Ta arewa ga tsibirin Phangan, ta yamma kuma in sama ta washe za ka hango tarin tsibiran Ang Thong guda 42. Mu da teku ba ta kusa da mu, wannan kallo ba ƙaramin abu ba ne. Na ga dattijon da ya tsaya nan ya kasa cewa komai sai tasbihi.

Ruwan da ke zubowa daga dutse a Na Muang guda biyu ne. Na farko, mai mita 18, mota na kai ka kusa da shi, akwai tafki a gindinsa da yara za su tsoma ƙafa. Wanda ya san Gurara ba zai yi mamaki ba, amma wurin hutawa ne mai kyau. Na biyun ya kai mita 80, sai an yi tattaki ana hawa, kuma duwatsun samansa sun ci rayuka: a 2019 kaɗai wani ɗan Sifen da wani ɗan Faransa sun zame sun faɗo a wurin. Ku tsaya a na farko.

Sai batun wata, kuma nan ne shirinka ya fi rauni. Nuwamba shi ne tsakiyar damina a Samui, shi ne watan da ya fi kowane ruwa. Mutane na ruɗewa don a Bankok da Phuket lokacin ne ake fita daga damina, amma Samui na gaɓar gabas, iskar da ke kawo mata ruwa daga Oktoba zuwa Disamba take kaɗawa. A lokacin hanyoyin ƙasa kan zama taɓo, kamfanoni na soke fita da safiyar ranar, jirgin ruwan da ke kawo mutane tsibirin daga tashar Donsak ma wani lokacin igiyar ruwa kan tsayar da shi. Ko kun samu kun hau, gajimare kan zauna a kan dutsen, ku sha wuya ku iso ku tarar da fari fat kamar hazon hunturu. In da hali, ka ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu: hanya ta bushe, sama ta washe, Na Muang kuma bai ƙafe ba tukuna. Zuwa Afrilu zafi ya tsananta, ruwan ya koma zirara. In kuwa kasuwa ta ɗaure ka da Nuwamba, kada ka biya tun daga gida. Ka bari sai kun sauka, ka duba sama, ranar da gari ya waye garau ka kira mota, ku fita da sassafe.

Abinci: na cikin kuɗin yawo a wani gidan abinci da ke kan dutse ake ci, tukunya ɗaya ga kowa, kuma naman alade ruwan dare ne a girkinsu. Da motarku ba dole. Ƙauyen Hua Thanon na masunta Musulmi ne, yana kan titin zobe a kudu maso gabas, 'yan mintuna daga mahaɗar Na Muang, kuma babban masallacin tsibirin a can yake. Ku tsara ku sauko nan da Azahar, wadda kan shiga wajen sha biyu da rabi: ku yi salla, ku ci kifi da shinkafa a wurin 'yan'uwa, sannan a ci gaba. Inda ka rasa tabbas, alade a bakinsu "mu" ne, "mai kin mu" kuma na nufin ba na cin alade. Ka ƙara da "mai phet", wato kar a sa yaji, don barkononsu ya fi ƙarfin yara.

In salla ta riske ku a sama, ku tafi da darduma da gorar ruwan alwala. Ka kuma gaya wa Hajiya tun da wuri, don tsofaffinmu in sun ce gabas alƙibla suke nufi: a Samui Makka na yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, wajen da rana ke faɗuwa. Man korar sauro ma a shafa tun da safe, saurayen da ke kawo zazzaɓin dengi da rana suke cizo. Sannan ka ajiye lamba biyu a wayarka da ta maiɗakinka kafin ku bar masauki: 1155 ta 'yan sandan da ke kula da baƙi, 1669 ta motar asibiti.